Wa Ya Sauke Ku?

Shafi na 14

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan shafin na waɗanda suka yi ta tambaya ne ko Zaratu za ta iya taka ƙafarta zuwa Buokrom.

Ƙarfe goma ta ɗan gota lokacin da Zaratu ta sauka daga trotro, motar haya, a Buokrom, rungume da ƙwaryar kiɗan mahaifiyarta a naɗe cikin tsohon zane. Ba ta karya kumallo ba. 

Awa shida suka rage mata. Bayan la'asar za a kira matan unguwar Akwatialine su hau dandali a Ranar Al'adun Unguwanni, su rera Waƙar Masauki daga farko har ƙarshe, a gaban dattawa da baƙi. Gida arba'in da ɗaya aka ce suna cikin waƙar. Talatin da huɗu Zaratu ta sani.

Tsarin waƙar ba shi da wuya. Da gidan da ya zo ƙarshe ake farawa. 'Yan amshi su tambaya, "Baƙi, wa ya sauke ku?" Zabiya ta faɗi gidan da ya ba su masauki ranar da suka iso Kumasi, ta yi masa kirari. A sake tambaya, a ƙara komawa baya, gida bayan gida, har a kai ga wanda ya riga kowa. Idan aka tambaya sau uku zabiya ba ta amsa ba, waƙa ta karye.

A gidan suna ko gidan aure, a talatin da huɗu ake tsayawa. Na ƙarshen nan sai a babbar rana, kuma ba a rubuta su. Zabiya ce ke saka su a kunnen magajiyarta ranar da za ta miƙa mata ƙwarya. Hajia Azaratu, zabiyar yanzu kuma mahaifiyar Zaratu, ta yi ta ce wa 'yarta bayan sallah, bayan sallah. Sati uku da suka wuce ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Da ta farfaɗo, ɓarin jikinta ya mutu, harshe ya ƙi motsi.

Da Alhaji Khalidu, shugaban kwamitin bikin kuma mai gidan da suke zaune, ya zo dubiya, ya gaya wa Zaratu cewa bana waƙar a cike yake so. In babu mai iya ta a ɗakin nan, ƙwarya za ta koma wani gida, haka tsarin yake. Hajia na kwance tana ji. Zaratu ta dubi idon mahaifiyarta, ta ji bakinta yana cewa ta iya.

Wannan ƙaryar ce ta kawo ta Buokrom.

Ta sami rumfar tuwon da take nema a bayan wani shagon walda, kamar yadda aka kwatanta mata. Wata ƙaƙƙarfar dattijuwa na zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ta take ƙarafunan nan biyu da ke riƙe tukunya, tana tuƙa tuwon zafi da muciya mai tsawon mutum. Rakiatu ke nan, wadda aka kora daga cikin 'yan amshi shekara ashirin da biyu da suka wuce. A ɗakinsu Zaratu ba a ambatar sunanta.

Zaratu ta yi sallama, ta rusuna.

"Mma Rakiatu, ina kwana."

"Tuwo bai yi ba tukuna."

"Ba tuwo na zo saya ba. Ni ce Zaratu, 'yar Hajia Azaratu."

Muciyar ba ta tsaya ba.

"Tun kina tsallako kwata na gane ki. Tafiyar uwarki kike yi, kamar ana bin ki."

Ta tambayi jikin Hajia, ta ce labarin ya iso ta a kasuwar Asawase, ta yi addu'ar sauƙi a gajarce. Ba ta ba ta kujera ba. Zaratu ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta faɗi komai: faɗuwar Hajia, zuwan Alhaji, ƙaryar da ta yi. Ta faɗa mata yadda ta lallaɓa ta tambayi tsofaffi biyu cikin 'yan amshi, kowacce ta jera mata gidaje daban, ɗaya ma ta saka gidan mijinta. Ba ta isa ta tambayi ta uku ba, don kada zance ya fita. Nasira, wadda ta fi kowa daɗewa a ƙungiyar, ita ta ja ta gefe jiya ta ce mata mutum ɗaya ya rage a garin nan da ya riƙe ƙarshen waƙar.

Rakiatu ta saurara har ta gama.

"Tashi, za ki ɓata ankonki. Zo ki taka mini ƙarfen nan, gwiwata ta gaji."

Zaratu ta ajiye ƙwaryar a kan benci, ta cire takalmi ta taka ƙarafunan. Zafin gawayi ya bugi ƙaurinta. Rakiatu ta miƙe tsaye ta ci gaba da tuƙi, tuwon yana ta huci a tsakaninsu.

"Me aka gaya miki na yi?"

Zaratu ta sunkuyar da kai. Ta ce an faɗa mata ranar da Innarta ta karɓi ƙwarya, tana tsakiyar waƙa a gaban manya, Mma Rakiatu ta ɗaga murya ta katse ta, ta ba ta kunya.

"Haka aka yi. Me na ce?"

"Ba a faɗa mini ba."

"Ke kuma ba ki tambaya ba."

"Shekarata tara a lokacin, Mma."

"Yanzu nawa?"



Rakiatu ta rufe tukunyar, ta goge hannu a zaninta, ta ce a kwance ƙwaryar. Zaratu ta kwance. Ƙwarya ce babba, tsufa ya mayar da ita baƙa tana sheƙi, ba a fito da ita sai a irin wannan rana. Rakiatu ta kife ta a cinyarta, ba tare da ta duba ba yatsanta ya tafi kai tsaye ga wani tsohon ɗinki a gefen baki, inda aka haɗe tsaga da zare mai kauri.

"Gidajen da kike nema ba bakwai ba ne," in ji ta. "Takwas ne."

Zaratu ta ɗago.

"Gidan Alhaji Khalidu ne ƙarshe. Kowa ya sani. Kakansa Mamudu ne ya fara kafa bukka a wurin nan."

"Shi kuma wa ya sauke shi? Daga sama ya faɗo?"

Sai ta ba ta labarin, a hankali, tana shafa ɗinkin. Lokacin da Mamudu ya iso daga Arewa neman goro, da damina ya iso, matarsa da tsohon ciki, bai san kowa ba, ba ya jin yaren masu gari. Wata Badagomba mai sayar da koko a bakin hanya, Memuna, ita ta gan su a ƙarƙashin bishiya ruwa na dukansu. Ɗaki ɗaya gare ta. Ta bar musu shi, ta koma kwana a wurin murhu har wata huɗu. A hannunta matar ta haihu. Ranar suna babu makaɗi, babu dangi, babu kowa, sai Memuna ta ɗauko ƙwaryar kokonta wadda ta tsage ta ɗinke, ta kifa ta a kan ruwa ta buga, don kada a ce an raɗa wa yaro suna shiru kamar gidan makoki.

"Ita ce wannan. Wannan ɗinkin hannunta ne. Memuna ita ta haifi kakata."

Zaratu ta dubi ƙwaryar da ta tashi tana ganinta a kan akwatin Inna. Tun tana yarinya take jin tudun zaren nan a tafinta, ba ta taɓa tambayar wanda ya yi shi ba.

Rakiatu ta ce tun asali haka waƙar ke ƙarewa. Bayan kirarin Mamudu a yi tambaya, zabiya ta ce Memuna mai koko. A yi mata nata kirarin, a sake tambaya, sannan zabiya ta ce Allah ya sauke ta, a ajiye sanduna. Haka tsohuwar zabiya ta saka wa Azaratu a kunne, haka ita ma Rakiatu ta ji daga bakin kakarta. Amma ana gobe za a yi bikin miƙa ƙwarya, mahaifin Alhaji Khalidu ya aika aka kira Azaratu. Ya ce manyan baƙi za su zo, ba zai zauna a gabansu a ce mai koko ce ta sauki gidansu ba.

"Uwarki ba ta daɗe da fita takaba ba. Tana zaune a ɗakinsu, ga ki a hannu. Da aka tambaya wa ya sauki Mamudu, sai ta ce Allah ya sauke shi, ta ajiye sanda."

"Ai ba ƙarya ta yi ba," Zaratu ta faɗa.

"Ba ƙarya ba ne. Allah ne ke saukar kowa. Amma ta hannun mutum ya yi, kuma mutumin yana da suna. Shi na faɗa. Sunan Memuna kawai na faɗa, 'yar Azaratu. Mata biyu suka kama ni suka fitar, ɗaya ta tuɓe mini ɗankwalin anko a gaban maza."

Wani mai pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya leƙo yana tambayar tuwo da Tonanci, yaren masu gari, Rakiatu ta ce masa ya dawo anjima. Zaratu ta dubi wayarta. Sha ɗaya da rabi.

Ta sake durƙusawa. Ta roƙe ta don Allah don Annabi ta ba ta bakwai ɗin. Ta ce maganar Memuna a bar ta sai bayan biki, za ta zo da kanta, za ta tara dattawa, a zauna a yi ta a natse.

"Uwarki ma bayan biki ta ce."

"Mma, in na faɗi sunan nan a gaban mutane, Baba Alhaji zai karɓe ƙwaryar a nan take. Har yau a ɗakinsu muke. Inna ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta."

"To je ki ce masa ba ki iya ba."

"Nan ma zai karɓe."

"Kin ga ke nan ba ni ce matsalarki ba."

"Ki ba ni bakwai kawai."

"Ban iya bakwai ba. Takwas na iya."

Ta miƙa mata ƙwaryar, ta koma wajen tukunyarta, ta fara kwashe tuwo a leda tana ƙullewa ɗaya bayan ɗaya.

Zaratu ta zauna a ƙasa, ƙwarya a ƙirjinta, hawaye na zuba ba sauti. Shekara ashirin da biyu Inna na tashi tun duhu ranar biki tana shafa wa ƙwaryar nan man kaɗe. Yanzu ba ta da baki, ba ta da ƙafa, ba ta da hannun dama. Idonta da hannun hagu ne kawai ke aiki, idon kuma kullum a kan akwatin nan yake. Zaratu ta hango ranar da za a wayi gari akwatin ba komai a kansa.

Ba da niyyar roƙo ta faɗi maganar da ta biyo baya ba, fitowa kawai ta yi. Ta ce da safen nan da ta ɗauko ƙwaryar, Inna ta kama ta da hannun hagu ta ƙi saki. Ta lalubi ɗinkin nan ta ɗora yatsa a kai, ta dube ta. Ta cire yatsan, ta mayar. Har sau uku. Ita ta zaci cewa take yi a yi hankali kada tsagar ta buɗe.

Hannun Rakiatu ya tsaya a kan ledar da take ƙullawa.

"Ita da kanta ta nuna miki?"

"Sau uku."

"Me take nufi?"

"Ban sani ba, Mma. Wallahi ban sani ba."

Rakiatu ta ajiye ledar. Sannan ta kira maƙwabciyarta mai kifi ta ce ta kula mata da rumfa, ta ɗebi ruwa a buta ta wanke hannu har gwiwa, ta ce Zaratu ma ta wanke.

A ɗan ɗakin da take ajiye buhunan gari suka zauna, gwiwa da gwiwa, ƙwarya a kife a tsakaninsu, kowacce ta ɗora tafi ɗaya a kanta. Rakiatu ta gaya mata ƙa'ida: kowane gida sau uku za ta faɗa, a kunne, ba za ta ƙara na huɗu ba. Zaratu ta kai hannu jaka za ta ciro biro. Rakiatu ta buge hannun.

"In takarda za ta riƙe, me kunnenki zai yi?"

Ta matso da bakinta. Numfashinta na ƙamshin hayaƙi da kanwa. Ta fara.

Gidan Abdul-Samed mahauci. Gidan Ruwaida mai shuni, wadda hannunta bai taɓa fari ba. Gidan limamin Wangarawa. Kowanne da kirarinsa, baiti huɗu, wani biyar. A waje injin walda na ƙara, masu sayen tuwo na ciniki, Zaratu ta runtse ido tana mayarwa. A gida na biyar da na shida ta riƙa juya su. Rakiatu ta kama hannunta ta ɗora kowane gida a kan gaɓar yatsa, ta ce in kai ya ɓace, ta bi yatsa. Aka kira azahar suna na bakwai.

Na takwas gajere ne. Baiti uku. A na ukun Rakiatu ta ɗan tsaya, sannan ta ƙarasa.

Ta ɗauke tafinta daga kan ƙwaryar.

"Shi ke nan. Na sauke."

Zaratu ta jira sharaɗi. Ba a kafa mata ba. Rakiatu ta ce ba za ta sa ta rantsuwa ba, mai ɗauke da marar lafiya ba a ɗora masa rantsuwa. Bakinta nata ne. Da Zaratu ta tambaye ta ko za ta zo filin bikin, sai ta ce wa zai sayar mata da tuwo.

Pragya Zaratu ta ɗauka zuwa Asawase, inda ake bikin, ta yi ta bin gaɓoɓin yatsunta a hanya, leɓɓanta na motsi, har wata mata da ke gefenta ta zaci tasbihi take.

Filin makarantar da ake bikin ya cika maƙil. An kafa rumfuna ta kowane ɓangare. Tonawa masu gari sun zo da zanen kente a kafaɗa, 'yan matansu sun gama rawar adowa suna fifita da hankici. Dagombawa na tsakiyar fili cikin rigunansu masu faɗi, suna juyi rigunan na buɗewa, makaɗansu na biye da gangunan hammata. Can gefe 'yan ƙabilar Farafara na gwada goge, matan Yarbawa na gyara gwaggwaro, wasu samari da suka haɗa Hausa da Tonanci a waƙa ɗaya suna gardama da mai lasifika. Mai gabatarwa sai ya faɗi magana da Hausa, ya maimaita da Tonanci, ya ƙara da Turanci, yana ta share gumi.

'Yan amshi goma sha biyu na jiranta a bayan dandali, sun jera ƙananan ƙorensu. Nasira ta dube ta, ta dubi ɓurɓushin garin da ke gefen zaninta. Ta miƙa mata ruwan leda.

Bayan an idar da la'asar Alhaji Khalidu ya zagayo da kansa. Dattijo ne fari, mai taushin magana. Shi ya kai Hajia asibiti a motarsa ranar da ta faɗi. Ya tambayi Zaratu ko ta ci abinci, ya ce ya sa an kawo Hajia a keken marasa lafiya, tana sahun gaba kusa da kujerarsa, don ta ga 'yarta da idonta. Zaratu ta rusuna ta yi godiya.

Har ya juya, sai ya dawo ya rage murya.

"Kin san inda ake tsayawa ko?"

"Na sani, Baba Alhaji."

"Yadda Hajia ta yi, haka za ki yi. Allah ya yi miki albarka."

Ashe ya sani. 

Aka kira matan Akwatialine. Suka hau suka zauna a jere. Aka ajiye baho cike da ruwa a gaban Zaratu, aka sauko mata da makirufo daidai baki. Ta kifa ƙwaryar a kan ruwan, ta yi bisimilla, ta buga. Sautin ya fita mai zurfi, har a ƙirji ake jinsa. Ƙananan ƙore suka amsa.

"Baƙi, wa ya sauke ku?"

Gidajen farko ta san su kamar sunanta. Duk gidan da aka ambata, mutanensa su miƙe su ɗaga hannu, matansu su yi guɗa. Gidan Zabarmawa ya sauki gidan Hausawa, gidan Hausawa ya sauki na Mosawa, wani gidan Yarbawa ya sauki uku a jere. Tonawan da ba sa jin kalmomin suna kaɗa kai da kiɗan.

Sau ɗaya kawai ta yarda ta dubi sahun gaba. Inna na cikin keke, an yafa mata farin mayafi, bakinta a karkace, hannun hagu a kan ƙarfen keken. Idonta ba a kan Zaratu yake ba. A kan ƙwaryar yake.

A talatin da huɗu mai gabatarwa ya ɗaga hannu, ya roƙi jama'a da harsuna uku su sauke wayoyinsu, abin da ya rage na kunne ne. Yawanci suka sauke. Fili ya yi tsit.

Babban yatsanta ya hau gaɓa ta farko.

Abdul-Samed mahauci ya fito daidai. Ruwaida mai shuni ta fito. Wata tsohuwa a rumfar hagu ta rufe fuska da mayafi tana kuka, rabon da ta ji sunan kakarta a bainar jama'a tun tana matashiya. A na biyar kan Zaratu ya ɗauke ɗif, aka tambaya sau ɗaya, aka tambaya sau biyu, ta matse yatsa, sunan ya dawo. Na shida. Na bakwai.

"Mamudu mai farin goro ya sauke mu."

Rumfar gidan Alhaji ta miƙe gaba ɗaya. Guɗa ta ko'ina. Ta rera kirarin baiti biyar ba tuntuɓe. Alhaji Khalidu na zaune yana murmushi, wani basarake a gefensa ya miƙo masa hannu suka gaisa. Saura kalma huɗu, Allah ya sauke shi, ta ajiye sanda. Ƙwarya ta kwana a kan akwatin Inna, yau da gobe da baɗi.

"Baƙi, wa ya sauke ku?"

Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Can ƙarshen fili, wajen masu sayar da ruwa, ta hango wata ƙaƙƙarfar mace tsaye ita kaɗai, ba anko, da zanin aiki a jikinta.

"Baƙi, wa ya sauke ku?"

Nasira ta waiwayo ta dube ta. Alhaji ya daina murmushi. Zaratu ta nemi fuskar Inna, ko ƙifta ido, ko girgiza kai, ko wani abu. Fuskar ba ta faɗi komai ba. Ƙwaryar ta ɗan juya a kan ruwa, ɗinkin ya zo daidai ƙarƙashin tafinta.

"Baƙi, wa ya sauke ku?"

"Memuna mai koko ta sauke mu."

Lasifika ta kai sunan har bakin titi.

Sandunan 'yan amshi suka tsaya, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshen layi har zuwa kan Nasira. Waɗanda suka miƙe a rumfar Alhaji suka tsaya a tsaye suna duban juna. A ɓangaren Dagombawa wani tsoho ya dafa sanda ya tashi. Mai gabatarwa ya ɗaga makirufo, ya rasa da wane harshe zai fara, ya sauke.

Saura baiti uku da tambaya ɗaya. In babu masu amshi, babu mai yin tambayar.

Alhaji Khalidu ya tattara babbar rigarsa ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya tako har bakin dandali, ya tsaya a gaban bahon, ya miƙa hannu. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, amma makirufo na kusa.

"Miƙo ƙwaryar nan."

Zaratu ta ɗora hannu biyu a kanta. Ruwan na rawa a ƙarƙashi.

A cikin shirun sai aka ji wani ɗan sauti daga sahun gaba. Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas. Zoben azurfar da ke hannun hagun Hajia Azaratu ne ke bugun ƙarfen keke. Bugun ba ƙarfi, amma bai kauce ba ko kaɗan. Duk matar da ke kan dandalin ta san shi. Kiɗan shiga baiti ne.

Alhaji bai waiwaya ba. Hannunsa na nan a miƙe.

"Zaratu, da ke nake."

Zaratu ta danna ƙwaryar a kan ruwa, ta ɗaga sanda, ta buga.